Shekarar da Na Zauna Bak Tare da Yayanku

Wannan babin na daɗe ina kewaya shi kamar mai kewaya rijiyar da ba ta da murfi. Na ba ku labarin ƙuruciyata a Tibiri, na ba ku na aurena da babanku, Allah ya jiƙan sa, da yadda muka dawo Dogon Dutsi ya buɗe shagon kayan babur a bakin kasuwa. Amma shekarar da na zauna bak, jarrabawar da ke buɗe wa mutum ƙofar jami'a, ban taɓa faɗa muku ita yadda take ba. Abin da kuka tashi da shi a kunne shi ne Inna ta ci bak tana da shekara arba'in da 'yan kai, Yayanku kuwa ya faɗi. Ran Sallar layyar da ta wuce ina yankan nama a tsakar gida na ji Auta, cikin gardamar makarantar da za a sa yara, ta ce masa wasa-wasa, “Kai Yaya da ka faɗi bak, mi ka sani a harkar lakkwal?” Ya yi dariya tare da ku, ya ɗauki hularsa ya fita. Ni kuwa wuƙa na ajiye. Ba laifinki ba ne, Auta, abin da aka bar ki da shi ke nan. To, ku saurara.

Kun san ba na kiran sunansa. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan sa da hira, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da cinsa ko kwanansa. Da aka yaye shi, kakarku ta wajen uba, Iya, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma can Tibiri. Sai da ya kai shiga lise, babbar sakandare, sannan ya dawo hannunmu, saurayi dogo mai shiru, yana ce mini Inna kamar yadda zai ce wa kowace babbar mace a unguwa. Tsakanina da shi gaisuwa ce da miƙa kwanon tuwo. Abin da na sani game da karatunsa daga bakin malamansa nake ji, in sun tsaya shagon babanku gyaran babur: yaron nan kansa na ja, lissafi a wurinsa kamar shan ruwa. Ɓangaren kimiyya ya bi. Burinsa ya zama injiniyan ruwa, tun wani hutu da ya yi wajen dangin babanku a ƙauyukan Sukukutane, ya ga yadda jaki ke jan igiyar guga ya yi nisa har ya kusa ɓacewa kafin ruwa ya iso bakin rijiya.

Ni a lokacin malamar kwantaragi ce a wata makarantar firamare. Na yi lise ina budurwa, saura aji ɗaya in gama mahaifina ya rasu, na dawo gida, na yi aure da son raina, ba wanda ya tilasta ni. Takardar birbe, ta gama ƙaramar sakandare, kawai nake da ita, da ita aka ɗauke ni koyarwa. Na koyar da yaran da suka girma, suka ci bak, suka dawo suka zama shugabannina, ina gaishe su da girmamawa suna sunkuyar da kai. Ban taɓa cewa abin ya dame ni ba, ko a gaban babanku.

Shekarar da Yayanku ya shiga ajin ƙarshe, yakan bar littattafansa a kan tabarma a zaure in ya tafi sallar la'asar. Wata rana ina shara na ɗauki na falsafa don in kauda shi, idona ya faɗa kan wani layi, na sa madubin karatuna na tsuguna. Sai ji na yi an yi gyaran murya a bayana. Kunya ta kama ni kamar an same ni da hannu a tukunyar wani. Yayanku ne. Washegari na tarar da littafin a bakin ƙofar ɗakina, da na tarihi a kansa. Da haka abin ya fara. Yakan zauna a bakin zaure, ni ina can nesa ina tsince shinkafa, ya karanto tambaya kamar da iska yake magana, ni ma in ba da amsa kamar da kaji nake yi. Har ran da na gyara masa wata shekara da ya kuskure a tarihin yaƙin duniya, ya rufe littafin ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

“Inna, ki aje dosiye mana.”

“Dosiyen mi?”

“Na bak, takardun shiga jarrabawa. Ana karɓar na waɗanda ba su cikin aji, kandida libir. Wallahi cikin ajinmu akwai waɗanda ba su san rabin abin da kika sani ba.”

“Kai, tashi ka ba ni wuri. Ni da furfura?”

“Ba a duba furfura, Inna. Lamba aka dubawa.”

Shi ya kai maganar gaban babanku, ba ni ba. Babanku yana cin tuwo, ya tsaya da loma a hannu, ya dube shi, ya dube ni, ya ce uwa da ɗa a jarrabawa ɗaya, mi mutanen kasuwa za su ce? Yayanku ya ce za su ce gidan Malam ya ci bak biyu a shekara ɗaya. Babanku ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce in dai tuwonsa ba zai ƙone ba, shi bai hana kowa neman ilimi ba. Iya ce ba ta yi dariya ba. Da labari ya kai Tibiri, mota ta shigo ta zo takanas, ta zauna a tsakar gidan nan ko mayafi ba ta cire ba.

“Dije, mi kike nema wanda Allah bai ba ki ba?” in ji ta. “Uwa ba ta cin tuwo ƙwarya guda da ɗan fari, balle su tahi neman arziki rana guda, ƙofa guda. Ki bari yaron ya wuce, in ya so baɗi ki yi taki.”

Ba a mayar wa suruka magana. Yayanku ne ya durƙusa gabanta yana lallashi, yana ce mata shi ya kawo shawarar, kuma ba ƙofa guda ba ce, shi kimiyya zai yi, ni adabi, ko makarantar da za mu zauna ba ɗaya ba ce. Ta ce to, ita dai ta faɗa. Ta koma ranar, ba ta kwana ba.

Ranar ajiye takardu tare muka je. Layi ne na samari da 'yan mata, kowa da ambulan ɗinsa, ni a tsakiyarsu da lulluɓina. Wasu na matsa mini suna cewa Hajiya ki wuce, a zatonsu wani aiki ya kawo ni. Da na isa gaban tebur, ma'aikacin bai ko ɗago kai ba.

“Madam, ita mai dosiyen ta zo da kanta, akwai inda za ta sa hannu.”

“Ga ta nan ta zo,” na ce.

Ya ɗago, ya dubi hoton da ke maƙale a takardar, ya dube ni, ya sake duban hoton. Sai ya miƙe tsaye, ya jawo mini kujerarsa. Layin ya yi tsit, sannan wani yaro daga baya ya fara tafi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da muka fito, Yayanku na tafe a gabana yana tura babur, kafaɗunsa na girgiza don dariya.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗin zamana da shi, ban ɓoye muku ba. In na taso daga aji in ɗora tukunya, in buɗe littattafan da ya aro mini wajen abokansa na ɓangaren adabi. Lissafin da na manta tun ina budurwa shi ya dawo mini da shi, yana zanawa da tsinke a ƙasar tsakar gida, in na kasa ya share da tafin hannu ya sake, bai taɓa nuna gajiya ba. Ke Auta kina rarrafe kina taka mana lissafin. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna cewa ina 'yan makaranta.

Jarrabawa ta zo a farkon damina. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, kowa idonsa na sama, sai ga shi ya sauko da asubar ranar farko, ruwan shuka sosai. Babanku ya tafi sarin kaya Najeriya bai dawo ba, ya bar mana babur. Muka bar wayoyi a gida tunda an hana shiga da su. Shirin shi ne Yayanku ya sauke ni a tawa makarantar, ya wuce tasa da ke can ɗaya gefen gari. Mun fito da wuri. A wani lungu da ruwa ya ci ya tara yashi, ƙafar gaba ta nutse, babur ya kwanta da mu. Ba wanda ya ji ciwo, gwiwar hannuna ce kawai ta ɗan kuje. Muka kakkaɓe jiki muka ci gaba, har ina yi masa tsiya cewa injiniya bai iya tuƙi ba. Sai a bakin ƙofa, da na buɗe jaka don in nuna wa jandarma katin shaidata, na ga abin da ya faru. A kan jakar na faɗi. Madubin karatuna ya karye gida biyu, ido ɗaya ya dagargaje, ɗayan ya tsage kamar saƙar gizo.

Ku da idanunku ke da ƙarfi ba za ku gane ba. Ba madubi, ko sunana a takarda ba na iya karantawa, baƙaƙen sai su narke su zama tururuwa. Na tsaya riƙe da karyayyen abu. Yayanku ya karɓe shi daga hannuna ya sa a aljihu.

“Shiga, Inna. Ina zuwa.”

“A'a. Tahi taka, kada ka makara. Ni tawa ta ƙare.”

“Akwai lokaci. Ki shiga ki zauna wurinki.”

Kafin in sake magana ya tayar da babur. Na shiga, wani malami ya duba lambata ya kai ni teburina. Wata yarinya da na koyar tun tana ƙarama ta gan ni, ta miƙe zumbur ta ce “Bonjur, Madam,” kamar muna aji, ɗakin ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Ni ba dariya a gabana. A ɗakinmu rufi ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa layin tebura, aka tsaya jan su ana goge ƙasa, saboda haka ba a fara a kan lokaci ba. Ina zaune ina kallon allo fari-fari, ina tunanin yadda zan tashi in fita a gaban yaran nan. An ɗago ambulan ɗin tambayoyi ke nan ana nuna mana cewa a rufe yake, jandarman bakin ƙofa ya leƙo, ya miƙa wa mai tsaron ɗakin wani abu, ya nuna ni da haɓa. Madubi ne mai jan firam irin na 'yan mata, da takardar kanti manne a ido ɗaya. Na sa shi, duniya ta dawo.

“Yaron fa?” na tambayi jandarman da raɗa.

“Ya wuce da gudu,” in ji shi.

Na ce alhamdu lillahi. A raina, tunda mu yanzu za a fara, su ma hakan ne. Na ɗauki bik na shiga rubutu, ban sake tunanin komai ba.

Da muka fito yana bakin ƙofa a kan babur yana jirana. Ban iya tambayarsa kai tsaye ba, kunyar nan ta ɗan fari tana nan daram ko bayan watannin karatunmu. Na dai ce, an shiga lahiya? Ya ce lahiya lau, Inna. Har ya faɗa mini tambayoyin falsafar da aka ba su, ya tambayi wadda na zaɓa, ya ce na yi dabara. Haka muka yi duk kwanakin jarrabawar. Kullum da safe ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya soke bik a aljihu, ya sauke ni, ya wuce. In mun dawo ya zaunar da ni bitar na gobe. Na lura ba ya buɗe nasa littattafan, na ce a raina mai ƙoƙari ya riga ya gama shiri. Na lura ba ya cin abinci sosai, na ce zullumi ne. Babanku ya dawo daga tafiya ya tambaye shi yaya takardu, ya ce sai addu'a, Baba.

Ranar sakamako gari ya ɗauki zafi tun hantsi. A lokacin da lasifika ake kiran sunaye a filin makaranta, iyaye da yara a cike, har bisa katanga. Tawa makarantar aka fara. Muka tsaya can baya ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ni da babanku da Yayanku. Shugaban masu gyaran takardu, wato masu duba jarrabawa, ya hau tebur ya fara da waɗanda suka ci kai tsaye, ba sai sun koma zagaye na biyu ba. Kowane suna da ihunsa. Ni zagaye na biyun nake roƙon Allah, shi ma ina ganin na yi zari. Sai na ji lambata, na ji sunana da na mahaifina sun fito daga bakin lasifika. Ban motsa ba. Na ɗauka wata ce mai irin sunana. Babanku ne ya damƙi hannuna a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu, yana cewa ke ce, Dije, wallahi ke ce. Matan unguwarmu suka rangaɗa guɗa, iyayen yaran da na koyar suka yanyame ni. Ta tsakanin kawunansu na hango Yayanku yana murmushi, idanunsa jajur. Na ɗauka murna ce.

“Baba, ku tahi gida da Inna,” ya ce da hayaniya ta lafa. “Ni in je in jiyo tawa.”

Ranar ce kaɗai na ƙi bin al'ada. Na ce ƙafata ƙafarsa. Ya yi ta kawo dalili, rana ta yi zafi, mutane na jira a gida, babanku ya ce a'a, tare muka zo tare za mu je. Muka isa ana cikin kiran 'yan kimiyya. Aka gama na farko, babu shi. Babanku ya ce ba komai, ko gwani yakan yi tuntuɓe, yana cikin zagaye na biyu. Aka karanta na zagaye na biyu tun daga sama har ƙasa, har da yaran da shi yake koya wa lissafi a zaurenmu. Mai lasifika ya naɗe takardarsa ya sauka. Na dubi babanku, bakinsa a buɗe. Ya ce an tsallake layi, kuskure ne, bari ya je ya yi magana. Bai ɗaga ƙafa ba sai ga malamin lissafin su Yayanku, wanda suke ce wa Mushe Garba da Faransanci, yana ratso mutane, fuskarsa a murtuke. Ko gaishe mu bai yi ba.

“Nasiru! Mi ya same ka? Yanzu nike dawowa daga inda anka tura ni gyaran takardu, anka ce mini teburinka wayam tun ranar farko. Ko takarda guda ba ka rubuta ba! Kai da nike jira ka ɗauko mana na ɗaya?”

Na ji kalmomin, amma ba su shiga ba. Na dubi Mushe, na dubi rigar Yayanku mai guga, na dubi aljihun da yake soke bik. Sai jan madubin da ke rataye a wuyana ya taɓa hannuna. Na zauna daɓas a cikin yashi, a tsakiyar mutane, da sabon zanena. Ban san lokacin da bakina ya kira sunansa ba. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ran da aka raɗa masa shi, na kira shi da ƙarfi har mutane suka waiwayo. Shi ma ya firgita. Ya durƙusa a gabana.

“Sun rufe ƙofa, Inna. Na iso an riga an buɗe ambulan. Na roƙe su, sunka ce doka ce, kuma wanda bai yi ta farko ba an cire shi ke nan.”

“To duk safiyar nan ina kake zuwa?”

“Masallacin da ke bayan lakkwal. In sun hito in tambayi abokaina abin da anka ba su.”

“Mi ya sa ba ka gaya mini ba? Mi ya sa?”

“Da kin aje bik, Inna. Na san ki.”

A hanyar gida ya ba babanku sauran labarin, ni ina biye kamar wadda aka ɗauko daga makabarta. Da ya bar ni a ƙofa kasuwa ya nufa, wajen mai sayar da madubai, ya tarar rumfar a rufe. Aka kwatanta masa gidan mutumin, ya je, matarsa ta ce ai ruwan shuka ya sauka, tun duku-duku ya tafi gona. Ya bi shi har gonar a bayan gari, ya same shi da sungumi a hannu, ya ɗauko shi a babur da taɓo a ƙafa, ya buɗe akwatin, suka gwada da karyayyen madubina har suka sami mai ƙarfinsa. Ya ce tun yana hanyar gonar ya san lokacinsa na tafiya, ya tsaya a mararraba, hanyar makarantarsa ga ta ga hannun dama, sai ya tuna yadda na tsaya riƙe da madubin nan.

Muka iso gida an cika, an kawo goro da lemo, ana jiran mai bak. Na wuce su na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Babanku ya koma wajen shugaban jarrabawar ya yi roƙon duniya, mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce labarin ya taɓa shi, amma ba abin da ke hannunsa. Yayanku kuwa ya sa mu alkawari, mu da Mushe da abokansa, cewa kada a faɗi dalili. Ya ce in aka ji, har abada za a ce Inna ce ta hana shi. Ya gwammace a ce ya faɗi. Ba mu san shirun zai haifi abin da ya fi haka muni ba. Kafin mako ya zagayo magana ta cika Tibiri cewa na kai sunan ɗana wajen 'yan bori, an juye sa'arsa a kaina, in ba haka ba ta yaya tsohuwa za ta ci, zakaran aji ya faɗi? Iya ba ta faɗa da bakinta ba, amma ta daina cin abincin da na dafa, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake ci ba. Na sha tashi in je in faɗa mata gaskiya, shi yake tare ni a ƙofa.

Na ce ba zan karɓi takardar shaidar ba, ta ruɓe a ofishinsu. Ya bar ni na kwana biyu, sannan wata safiya ya fito da babur ya tsaya a ƙofar ɗakina.

“In kika bar ta can, Inna, mun faɗi mu biyu ke nan. Taso mu tahi.”

Abin da ya riƙe ni a lokacin shi ne baɗi. Kowa baɗi yake cewa, shekara ɗaya ce, yaro ne, zai sake. Ya koma aji da aka buɗe makarantu, ni kuma takardar nan ta buɗe mini hanyar ƙarin horo a Yamai, da shi da babanku suka matsa sai na tafi. Ina can, tsakiyar shekara, aka kira ni cewa babanku ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa ya shanye. Na zo da kayana gaba ɗaya, na ce na dawo ke nan. Babanku ba ya iya magana sosai, ya dai riƙa girgiza kai yana nuna ƙofa da hannunsa mai lafiya. Yayanku ya ce shago ba zai buɗe kansa ba, ni kuwa ban san bambancin fulogi da kabireta ba, in na gama horon nan aka ɗauke ni aiki na dindindin, gidan zai tsaya da ƙafa biyu. Ya ce 'yan watanni ne, in Baba ya tashi zai koma. Babanku bai tashi ba. Shekarun da ya yi a kwance, da maganinsa, da karatunku ku duka har jami'a, daga shagon nan suka fito da albashina. Baɗi ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, har ya daina ajiye littattafan a inda ido zai gan su.

Bayan na zama shugabar makaranta, wata shekara a lokacin sakamako na bi ta kasuwa da la'asar. Iska na kaɗo muryar lasifika daga lise, ana kiran sunaye, ana jin ihun yara daga nesa. Na tarar da shi a ƙofar shago yana ɗaure wa wani babur taya, ya ƙure ƙarar rediyo har ba a jin maganar mutum. Na miƙa hannu na rage. Ya ɗago ya gan ni, ya goge hannu a tsumma, ya jawo mini benci. Na zauna, sunaye na ta zuwa.

“Kana da-na-sani?” na ce. Shekaru nake ɗauke da tambayar.

Na zaci zai ce a'a don ya sanyaya mini rai, yadda ya saba. Ya daɗe yana juya sifana a hannunsa.

“Yana yi mini ciwo, Inna. Duk shekara in na ji wanga abu, sai in ji kamar yau ne. Wani lokaci ina mafarkin na iso ƙofar ba a rufe ba.” Ya ajiye sifanar, ya ce, “Amma in anka maida ni mararrabar nan, gonar zan sake nufa.”

Ya koma ya tsuguna kan aikinsa, ni ma ban tashi ba. Na zauna a bencin nan, yana ɗaure taya, har aka gama kiran sunayen 'ya'yan mutane.